Darasin Wannan Mako: Gwaji Daga Nesa, Harbi Daga Kusa

A wannan fitowa, mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida mun kawo muku darasi a kan baka da kibiya. Kada wani ya ce me ya haɗa makaranta da farauta. Ku daure ku karanta har ƙarshe, za ku ga akwai Lissafi a ciki, akwai Kimiyya, akwai kuma akuya.

ABIN DA YA JAWO DARASIN

A hutun da ya wuce, wani yaro a wata unguwa kusa da makarantarmu ya haɗa baka da reshen itace. Ya ciro wayar tsohuwar lema, ya wasa bakinta a kan dutse, ya mai da ita kibiya. Da yamma ya hango kurciya a kan katanga, can nesa da shi. Ya ɗana, ya ja, ya saki. Kurciya ta tashi abinta. Kibiya ta tsallake katangar ta faɗa gidan maƙwabta, ta soki akuya a ciki. Washegari dole aka yanka akuyar, mahaifin yaron ya biya kuɗinta. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne, kusa da turken akuyar nan ne ƙananan yaran gidan suke wasa kullum. Allah ne ya kiyaye.

Da aka dawo makaranta sai gardama ta tashi a ajinmu. Wani ya ce ya ga bidiyo a wayar yayansa, wani Bature a Amurka yana harbi da baka daga yadi 100 kuma yana samu. Don haka a ganinsa laifin yaron kawai rashin iyawa ne, gwani daga ko'ina zai iya harbin dabba. Wasu suka ce ba haka ba ne. Da gardamar ta ƙi ƙarewa, muka ce bari mu bincika. Mun je wurin malamin Lissafi da malamar Kimiyya, mun kuma ziyarci kakan ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi farauta da baka a ƙuruciyarsa. Ga abin da muka koyo.

MU FARA DA SUNAYEN KAYAN

Baka shi ne itacen da ake lanƙwasawa. Tsirkiya ita ce igiyar da aka ɗaura masa. Kibiya ita ake harbawa, kwari kuma shi ne gidan da ake zuba kibau a rataya. Kibiyar maharbanmu ta gargajiya jikinta kyauro ne, kanta ƙarfe ne da maƙeri ya ƙera, sau da yawa da kunnuwa don kada ta fita in ta shiga. Akan shafa mata dafi.

A Amurka kuwa, yawancin masu farauta da baka suna amfani da baka na zamani mai 'yan ƙananan tayoyi a ƙarshensa biyu. Wani mutumin jihar Missouri mai suna Holless Wilbur Allen ne ya ƙirƙiro shi, ya sami takardar mallakarsa a shekarar 1969. Tayoyin suna rage nauyin tsirkiya bayan an gama janta, sai maharbi ya iya riƙewa ya yi saiti a natse. Kibiyar irin wannan baka tana iya gudun kusan mita 90 a sakan ɗaya.

ME YA SA HARBIN NESA YAKE DA WUYA?

Mun samo dalilai huɗu.

Na ɗaya: ƙaramin kuskure yana girma da nisa. Wannan da hannunmu muka gwada a filin ƙwallo. Muka kafa turke, muka ɗaura masa zare biyu, kowanne mita 20. A daidai mita 1 daga turken muka ware zaren biyu da santimita 2, wato kamar faɗin babban yatsa. Muka ja su suka miƙe, muka je ƙarshensu muka auna. Tazarar ta zama kusan santimita 40. Malamin Lissafi ya ce mu lissafa da kanmu in da zaren ya kai mita 60. Muka samu santimita 120.

To ku duba. Wurin da ake so kibiya ta samu a jikin barewa shi ne ƙirji, bayan ƙafar gaba, inda huhu da zuciya suke. Faɗin wurin bai wuce ƙaramin faifai ba, kamar santimita 20. Ke nan motsin hannu da ko ido ba ya gani ya isa ya kai kibiya ciki ko cinya.

Na biyu: kibiya tana faɗuwa tun daga lokacin da ta bar tsirkiya. Malamar Kimiyya ta tuna mana cewa ƙasa tana fizgo duk abin da aka saki, kuma a sakan na farko abu yana faɗuwa kusan mita 5. Ta ce mu ɗauki misalin kibiya mai gudun mita 60 a sakan, wadda aka harba a miƙe ba a ɗaga baka ba. Ga abin da lissafi ya ba mu:

Mita 20: tana ɗaukar sulusin sakan, ta faɗo kamar rabin mita.
Mita 40: tana ɗaukar kashi biyu cikin uku na sakan, ta faɗo mita 2 da ɗan ɗoriya.
Mita 60: tana ɗaukar sakan 1, ta faɗo kusan mita 5, fiye da tsayin bangon ajinmu.

Ku lura da kyau. Da aka ninka nisa sau biyu, faɗuwar ta ninka sau huɗu. Da aka ninka sau uku, ta ninka sau tara. Shi ya sa mai harbin nesa yake ɗaga baka sama, kibiyar ta hau sannan ta sauko. Kuma shi ya sa kibiyar yaron nan ta iya tsallake katanga.

Wannan yana haifar da wata matsala: dole maharbi ya san nisan daidai. Malamin Lissafi ya yi mana misali da waccan kibiyar. In dabba tana mita 22 kai kuma ka zaci 20 ne, kibiyar za ta sauka ƙasa da inda ka auna da kamar santimita 6. Har yanzu tana cikin faifai. Amma in tana mita 66 ka zaci 60 ne, za ta sauka ƙasa da fiye da rabin mita. Kuskuren iri ɗaya ne, kashi ɗaya cikin goma, amma sakamakon ya sha bamban.

Na uku: ƙara tana riga kibiya isa. Sauti yana gudun kusan mita 340 a sakan. Ko kibiyar baka na zamani, sauti ya fi ta sauri kusan sau huɗu. Saboda haka dabba tana jin ƙarar tsirkiya kafin kibiya ta iso. A misalinmu, a mita 20 tsakanin isowar ƙara da isowar kibiya ya ɗan ɗara rubu'in sakan. A mita 60 kuwa ya kai kusan kashi takwas cikin goma na sakan. Wannan lokaci ya ishi barewa ta zabura, ta duƙa ko ta yi tsalle. Ko ma ba ta ji komai ba, taku ɗaya za ta yi don ta kai bakinta ga ciyawa, ƙirjinta ya bar wurin, cikinta ya zo daidai inda aka auna.

Na huɗu: iska. Gwargwadon daɗewar kibiya a sama, gwargwadon yadda iska take tura ta gefe. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a lokacin hunturu ya san wannan. Iska kuma tana rage wa kibiya gudu, ta isa da ƙarancin ƙarfi.

TO ME YA SA AKE GWAJI DAGA NESA?

Nan ne muka gane abin da abokinmu ya gani a bidiyo. Mutumin gwaji yake yi, allo yake harbi. A Amurka akwai lokacin farauta da hukuma take warewa, yawanci da kaka, kuma sai da lasisi. Watannin da suka rage kafin lokacin, masu farauta da baka suna gwaji. Da yawansu suna harbi daga yadi 50, 60, wasu har 80 ko 100. Yadi ɗaya ya ɗan gaza mita ɗaya. Amma in sun shiga daji, yawancin barewar da suke samu daga yadi 20 zuwa 30 suke harbinta, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Dalilin gwajin nesa shi ne dalilinmu na ɗaya da ke sama. Nisa yana tona asirin hannu. A yadi 20 mutum zai iya riƙe baka a karkace, ko ya fizgi tsirkiya, kuma kibiya ta sauka kusa da tsakiya, ya ɗauka ya iya. A yadi 60 wannan kuskuren zai jefa kibiyar gefen allo, dole ya tsaya ya tambayi kansa me ya yi ba daidai ba. In ya gyara har kibansa suka riƙa taruwa wuri ɗaya daga nesa, ranar da ya dawo yadi 20 sai ya ga abin ya zama kamar wasa, hankalinsa a kwance. Kamar mai shirin tseren mita 400 ne da yake zagaya fili sau uku kullum. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA SUKE GWAJIN

1. Suna neman fili wanda babu mutum, gida ko dabba a bayan allon, kuma akwai tudu ko wani abu da zai tare kibiyar da ta kuskure.

2. Suna farawa daga kusa. Sai kibau sun taru wuri ɗaya sannan a ja baya da yadi 10. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Suna yin komai iri ɗaya kowane harbi: tsayuwa ɗaya, riƙo ɗaya, hannun da ya ja tsirkiya ya tsaya a wuri ɗaya a fuska, kamar gefen baki. Bayan an saki, ba a sauke baka sai kibiya ta isa.

4. Suna koyon ƙiyasta nisa. Mutum zai dubi itace ya ce yadi kaza ne, sannan ya auna da taku ko da na'urar auna nisa ya ga ko ya yi daidai.

5. Suna gwadawa a yanayin da za su tarar a daji: a durƙushe, a zaune, daga kan itace, cikin iska, da rigar sanyi a jiki.

6. Wasu suna fitowa da sassafe su harba kibiya ɗaya tak su koma. Dalilinsu shi ne a daji kibiyar farko ce kawai take da amfani, barewa ba ta tsayawa a sake gwadawa.

7. In hannu ya gaji suna dainawa, don gajiyayyen hannu kuskure yake koya wa mai shi.

8. A ƙarshe kowa yana nemo iyakarsa. Suna liƙa farantin takarda a allo. Nisan da mutum zai iya zuba duk kibansa a cikin farantin, ba tare da ko ɗaya ta fita ba, shi ne ƙarshen inda zai yi tunanin harbin dabba. Masu hankali suna ma rage wannan nisan, saboda a daji gaba yana faɗuwa, hannu yana rawa.

WASA DABAN, FARAUTA DABAN

A gasar Olamfik ana harbin baka daga mita 70. Faɗin allon santimita 122 ne, da'irar tsakiya mai maki 10 kuma santimita 12.2, kusan faɗin faifan CD. Ƙungiyar mata ta Koriya ta Kudu ta ci zinariya a wannan wasa sau 10 a jere, daga 1988 zuwa gasar birnin Paris ta 2024. Ke nan ana iya samun abu daga nesa, abokinmu bai yi ƙarya ba.

Amma a can an riga an auna nisan. Allo ba ya motsi, ba ya jin ƙarar tsirkiya, ba ya jin zafi. In 'yar wasa ta kuskure, maki ta rasa. In maharbi ya kuskure, dabba ce za ta gudu da kibiya a jikinta.

Wannan Baba tsoho ya tabbatar mana da shi. Ya ce suna samari sukan jingina tsohuwar ƙwarya a jikin suri su riƙa harbi, suna ja da baya har sai ƙwaryar ta koma musu kamar ƙwai. Amma mahaifinsa ya hana shi sakar wa barewa kibiya sai in ya matso har yana ganin ƙiftawar idonta. Sau ɗaya ya karya wannan doka don ya burge abokansa. Ya harbi barewa daga nesa, kibiya ta same ta a cinya. Kwana biyu yana bin sawu da ɗigon jini. Da ya same ta, ungulu sun riga shi. Bai ci nama ba, barewa ta mutu da azaba, kuma mahaifinsa ya karɓe kwarin har ƙarshen wannan rani. Da yana ba mu labarin bai yi dariya ba, mu ma muka yi shiru.

GWANINTAR MAHARBI TANA WAJEN MATSOWA

A shekarar 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a jihar Kalifoniya ta Amurka. Shi ake ɗauka na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar. Aka riƙa kiransa Ishi, wato "mutum" a harshensu. Likitansa, Saxton Pope, ya koyi ƙera baka da farauta a wurinsa, kuma a 1923 ya fitar da littafi a kan farauta da baka wanda ya sa Amurkawa da yawa suka shiga harkar. Pope ya lura cewa a harbin allo daga nesa Ishi ba wani gwani ba ne. A daji kuwa ba a kama ƙafarsa. Yana lura da inda iska take kaɗawa don kada dabba ta ji warinsa. Yana kwaikwayon kukan dabbobi su zo da kansu. Mutanensa kuma sukan ɗora busasshen kan barewa a kansu don su yaudari barewa. Ishi ya rasu a 1916.

Da muka karanta wannan sai muka tuna da burtu na maharbanmu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa, dabbobin daji sun saba da shi ba sa gudunsa. Maharbi yakan ɗaura kan burtu mai dogon wuya a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kan kamar tsuntsu yana kiwo, har ya iso kusa da dabba. Ƙasar Hausa da Kalifoniya akwai teku a tsakaninsu, amma dabara ɗaya suka gano. Da a ce harbin nesa shi ne gwaninta, ba wanda zai wahalar da kansa da rarrafe cikin ƙaya.

HUKUNCIN GARDAMARMU

Abokinmu ya yi gaskiya cewa gwani yana iya samun allo daga yadi 100. Sauran ma sun yi gaskiya cewa gwani ba ya harbin dabba daga can. Ana gwaji daga nesa don a gyara hannu. Ana harbi daga kusa don dabba ta mutu nan take ba tare da wahala ba, kamar yadda aka koya mana a darasin addini cewa ba a azabtar da dabba. Yaron da ya harbi akuya ya juya abin: bai taɓa gwaji ba, kuma ya harba daga nesa, a cikin gari.

GARGAƊI GA 'YAN'UWA ƊALIBAI

Wannan darasi ba izini ba ne a je a haɗa baka.
Kada a shigo makaranta da baka, kibiya ko danƙo.
Kada a auna mutum da kibiya ko da wasa. Ido ba ya da na canji.
Kada a harba sama ko ta kan katanga, don ba ka san me ke bayanta ba.
Wanda yake sha'awar koyo, ya nemi babba da ya iya, da yardar iyayensa, a bayan gari.
A gandun daji irin Yankari da ke jihar Bauchi farauta haramun ce a doka, da baka ko da bindiga.

TAMBAYOYI

1. In an ware zare biyu da santimita 1 a mita 1 daga turke, nawa tazarar za ta zama a mita 30?
2. Kibiya ta faɗo rabin mita a mita 20. Kamar nawa za ta faɗo a mita 40, kuma me ya sa?
3. Sauti da kibiya, wanne yake fara isa wurin dabba?
4. Mene ne amfanin kan burtu ga maharbi?
5. Kawo dalili biyu da suka sa harbin allo ya bambanta da harbin dabba.

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar ɗakin malamai kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka amsa daidai. Muna roƙon kada a yage wannan takarda, kuma kada a yi zane a jikinta.

Muna godiya ga malamin Lissafi da malamar Kimiyya, da malamin motsa jiki da ya ara mana abin awo, da Baba tsoho da ya karɓe mu har ya ba mu gyaɗa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wani ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida.